Yadda ake shirya diyapo na sutunans ko taron kimiyya, daga takarda har zuwa zaure

Da zarar lokacin sutunans, wato kare aikin bincike a gaban malamai, ya ƙarato a Yamai, wayata ba ta hutawa. Wannan ya turo fayil da tsakar dare, wancan ya tare ni a Harobanda da kwamfuta a jaka, har ƙannenmu da ke karatu a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa suna turowa ta WhatsApp. Tambayoyin kuwa duk a kan diyapo ne, wato shafukan da ake haskawa a bango yayin gabatarwa, kuma ba sa canzawa: diyapo nawa zan yi, wane launi zan sa, me ya sa abin da ya yi kyau a kwamfutata ya lalace a bango? Abin da ke ci mini rai shi ne ganin ɗalibi ya yi wata shida yana shan rana a gonar gwaji, ko yana kwana a laboratuwar, sannan a cikin minti goma sha biyar diyapon da ya haɗa daren jiya ya rufe wa mutane kyawun aikin. Shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake bi da su da ɗaliban da ke zuwa wurina. Tun da yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, sunayen maɓallan zan kawo su kamar yadda za ka gan su a allonka.

1. Tambayoyi uku kafin ka kunna kwamfuta

Na farko, minti nawa aka ba ka? Kada ka ɗauka daga bakin abokin da ya wuce bara, je ka tambayi malamin da ke duba aikinka ko masu shirya taron. Sutunans na Master yakan kama minti 15 zuwa 20, taron kimiyya kuwa sau da yawa minti 10 zuwa 15 ne. Lissafin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: diyapo ɗaya a kowane minti, diyapon da ke ɗauke da babban sakamako kuma a ba shi minti biyu. Mai minti 15 ke nan bai kamata ya wuce diyapo 12 zuwa 15 ba.

Na biyu, a wane zaure za a yi, kuma wace irin furojekta ce a ciki? Ka je da ƙafarka ka gani. Ka duba bayanta: ramin HDMI gare ta ko tsohon VGA mai shuɗin kai? Akwai labule a tagogi? A farin allo ake haskawa ko a bangon da ya sha ƙura?

Na uku, su wa za su saurare ka? Juri na sutunans, wato malaman da za su yi wa aikin hukunci, sun riga sun karanta memwar ɗinka, rubutaccen aikin bincikenka, ba sa bukatar ka maimaita musu ma'anar kowace kalma. Amma a taron da ya haɗa likita da masanin noma da masanin yanayi, irin wanda ake yi a cibiyar AGRHYMET ko Palais des Congrès, dole ka sassauta, ka fassara kowace gajartacciyar kalma a karon farko da ta fito.

2. Takarda da biro

Wannan matakin ne kowa ke tsallakewa, kuma daga nan ɓarnar take farawa. Mutum ya buɗe memwar a gefe ɗaya, PowerPoint a ɗaya gefen, ya shiga kwasowa yana zubawa. Kafin ya ankara ya tara diyapo arba'in, kowane cike da rubutu.

Rufe kwamfutar. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya tak: in mutane sun fita daga zauren sun manta komai, mene ne abu ɗaya da kake so ya bi su gida? A ce ɗalibar aikin noma ce ta gwada hanyoyi uku na ajiye albasar Galmi. Jimlarta ba “na yi nazari a kan ajiyar albasa” ba ce. In ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne rudu, rumbun gargajiya na ajiyar albasa, jimlarta ita ce, misali, “albasar da aka busar da kyau kafin a sa ta a rudu ta fi jure ruɓa.” In ba ka iya rubuta irin wannan jimlar ba, matsalar ba ta diyapo ba ce tukuna, koma wurin malaminka ku zauna.

Da jimlar ta samu, yanka takarda ƙanana-ƙanana, kowace ta zama diyapo ɗaya, ka shimfiɗa su a tabarma ko tebur. A kowace rubuta abin da diyapon zai faɗa, ka zana abin da za a gani a kai, ko da zanen bai yi kyau ba. Ga yadda nake raba minti 15: diyapo ɗaya na suna, biyu na matsalar da ta sa aka yi aikin, ɗaya na tambayar bincike da manufa, biyu ko uku na wuri da kayan aiki da hanyar da aka bi, biyar ko shida na sakamako tare da fassararsa, ɗaya na abin da aikin bai kai gare shi ba, ɗaya na kammalawa. Lura da inda nauyin yake: kusan rabin lokacin na sakamako ne. Sau nawa na ga ɗalibi ya ci minti takwas yana ba juri labarin faɗin ƙasar Nijar da iyakokinta, shugaban juri ya ɗaga yatsa biyu alamar saura minti biyu, shi kuwa bai ko taɓa sakamakon farko ba.

Hattara: duk takardar da ka ɗaga ka ga ba ta taimaki jimlarka ba, ajiye ta gefe, kada ka yar. Za ta yi amfani a mataki na 10.

3. Wace manhaja, kuma nawa za a kashe

PowerPoint ne aka fi samu a kwamfutocin jami'a da na zaurukan taro, don haka in kana da shi da lasisi mai kyau, tsaya a kansa. Na kuɗi ne, ko a saye shi gaba ɗaya ko a riƙa biyan Microsoft 365. In babu hali, LibreOffice Impress kyauta ne, ba ya bukatar intanet bayan an sauke shi, kuma yana iya ajiye aiki a matsayin pptx ko PDF. Google Slides ma kyauta ne, ya fi daɗi in kai da malaminka kuna gyara tare, ko shi yana Tawa kai kana Yamai, sai dai yana cin forfe, kuma ba a dogara da shi ranar gabatarwa sai an sauke kwafi. Ƴan lissafi da fizik da suka rubuta memwar da LaTeX, Beamer ya fi muku: lissafinku zai fito tsaf, kuma PDF yake bayarwa kai tsaye.

Canva na burge matasa yanzu saboda ado. Ban hana ba, amma yawancin samfuransa an yi su ne don talla, adon yana cinye filin da girafik ke bukata.

Hattara: kada ka fara a wata manhaja ka ƙarasa a wata. Fayil ɗin da ya bi ta Impress, ya shiga WPS Office, ya dawo PowerPoint, da wuya lissafinsa da tsarin rubutunsa su fito lafiya. Ka guji kuma Office ɗin da aka fasa aka zuba maka a kasuwa. Ban da rashin halaccinsa, yakan rufe damar gyara ko ya fito da gargaɗi a lokacin da ba ka zata ba.

Kuɗin da ya zama dole kaɗan ne: kile na USB biyu masu kyau, adafta in kwamfutarka ba ta da ramin da furojektar ke bukata, da bugun takardu. Na'urar hannu ta sauya diyapo ana iya aronta. Ina jin zafin ganin an kashe jikkuna a lemo da hayar kujerun walima, alhali ba a sayi adaftar da gabatarwar ta dogara da ita ba.

4. Kafa ginshiƙi: girma, harafi, launi

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, shiga Création, wanda sababbin ke kira Conception, ka danna Taille des diapositives. Tun daga PowerPoint 2013, sabon fayil yana buɗewa da 16:9, mai faɗi. Tsofaffin furojektoci da yawa kuwa 4:3 ne. In ka haska 16:9 a irinsu, hoton zai ƙanƙance, baƙi ya cika sama da ƙasa. Abin da ka gano a mataki na 1 shi zai yanke maka hukunci.

Hattara: in ka sauya girman bayan ka gama aiki, rubutu da hotuna za su gusa daga wurarensu, sai ka bi diyapo ɗaya bayan ɗaya kana gyara. Yanzu ne lokacinsa.

Daga nan shiga Affichage, ka buɗe Masque des diapositives. Abin da ka gyara a babban diyapon da ke sama zai bi sauran duka: salon harafi, girmansa, launin kai, tambarin jami'a. Minti goma a nan ya fi awa biyu ana bin kowane diyapo da hannu. Tambari ƙarami ya isa a kusurwa ɗaya, ko ma a bar shi a diyapon farko kawai.

Salon harafi ɗaya, mara ado: Arial ko Calibri. Sabon Microsoft 365 yana farawa da wani mai suna Aptos, wanda tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. In ka kai fayil ɗin can, sai su musanya shi da wani, layuka su karye, rubutu ya zube daga akwatinsa. Girman harafin kan diyapo 28 zuwa 36, na jiki 24, kuma kada komai ya gaza 18, har lambobin gefen girafik. In aikinka yana da kalmomin Hausa ko Fulatanci, sunayen tsirrai ko na cututtuka, rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun yanzu ka ga ko salon ya ɗauke su, don kada su koma akwatuna a bango.

Launi kuwa, ranar Yamai ce ke da hukunci. Zaurukanmu haske ya yi musu yawa, fitilar furojekta ta tsufa, lokacin hunturu ga ƙura a gilashinta. Farin baya da baƙin rubutu ko shuɗi mai duhu, shi ne ba ya ba da kunya. Rawaya, kore mai haske da toka-toka suna ɓacewa gaba ɗaya a bango, ko da sun yi kyau a allonka. Zaɓi launi ɗaya mai ƙarfi na nuna abu mai muhimmanci, ka riƙe shi har ƙarshe.

Ƙarshe a wannan matakin: Insertion, Numéro de diapositive, Appliquer partout. Juri da lamba suke kiran diyapo in an zo tambayoyi.

5. Kai da rubutu

Kan diyapo ya faɗi abin da aka gano. “Résultats 1”, “Résultats 2”, “Résultats suite” ba sa gaya wa kowa komai. A maimakonsu sa gajeriyar jimla, layi ɗaya ko biyu, irin wadda ka rubuta a ƙananan takardunka. Amfaninsa biyu ne. Wanda hankalinsa ya tafi na ɗan lokaci, da ya ɗago ya karanta kan ya dawo hanya. Kai kuma in tsoro ya ɗauke maka magana, kan zai tuna maka abin faɗi.

A jikin diyapo, kada ka wuce layi biyar ko shida, kowane da kalmomi kaɗan. Taura biyu ba ta taunuwa: mutum ba ya karatu yana saurare a lokaci guda. In ka cika bango da rubutu, za su karanta, su riga ka gamawa, su daina jin ka. Cikakkun jimlolin da kake jin tsoron mantawa, zuba su a filin Notes da ke ƙasan diyapo, wanda tsofaffin ke kira Commentaires. Kai kaɗai za ka gan su.

Sunan kimiyya na tsiro ko ƙwayar cuta a karkace ake rubuta shi, kalmar farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami. Malaman juri ba sa yafe wannan. In da Faransanci kake gabatarwa, waƙafi ne ke raba lamba da ɓurɓushinta, 2,5, in da Ingilishi ne ɗigo, 2.5. Zaɓi ɗaya, kada ka gauraya. Lissafi kuma a rubuta shi ta Insertion, Équation, kada a ɗauki hotonsa daga littafi da waya.

6. Girafik, tabulo, taswira da hoto

Nan ne zuciyar aikin, nan ya kamata yawancin lokacinka ya tafi.

Girafik ɗin da ke cikin memwar an yi shi ne don mai karatu da takarda a hannu. Na diyapo na mutumin da ke kujerar ƙarshe ne, mita goma daga bango, yana da daƙiƙa talatin. Don haka ba a kwaso shi yadda yake, sake shi ake yi. Koma Excel ko R ko duk abin da ka yi shi da shi. Ƙara girman lambobi da sunayen gefe. Rubuta ma'auni a kowane gefe: milimita na ruwan sama, kilo a kowace hekta, kwana bayan shuka. Cire layukan baya masu yawa, cire inuwa, cire siffar 3D wadda ke sa ido ya kasa gane tsawon sanda na gaskiya. In layi uku ne, rubuta sunan kowane a ƙarshensa, maimakon ƙaramin akwatin bayani a gefe da zai sa ido ya yi ta kai da komo. Abin da kake so a gani ba shi launinka mai ƙarfi, sauran su zauna da launi mai sanyi. In akwai sandunan kuskure, faɗi a ƙasa ko mene ne su, écart-type ko erreur standard, tare da yawan samfurin. Juri ba sa fashin tambaya a kan wannan.

Girafik ɗaya a diyapo ɗaya. Biyu kawai in ana kwatanta su, kuma a lokacin ma'aunin gefensu ya zama iri ɗaya.

Hattara da ja da kore a girafik ɗaya: akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe su, galibi maza, kuma da wuya su faɗa. Shuɗi da ruwan lemo sun fi aminci, ko ka bambanta layukan da siffa, wani miƙaƙƙe wani tsinke-tsinke.

Hattara kuma wajen manna girafik daga Excel. In ka manna shi da haɗi, yana neman fayil ɗin Excel da ke kwamfutarka, a wata kwamfutar ba za a iya gyara shi ba. In ka manna shi da fayil ɗin Excel gaba ɗaya, to duk bayananka, har waɗanda ba ka wallafa ba, har sunayen mutanen da ka yi wa tambayoyi, sun shiga cikin fayil ɗin da za ka bari a kwamfutar taro. Idan ka gama gyara, manna shi a matsayin Image.

Tabulo shi ne babban tarko. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Tabulo mai layi ashirin da ginshiƙi takwas, da mai shi zai ce “ku yi haƙuri ba a gani sosai,” bai kamata ya hau bango ba. Ciro layi huɗu ko biyar da ke ɗauke da maganar, ka rage lambobin bayan waƙafi zuwa ɗaya ko biyu, ka kaurara wadda kake so a duba. Cikakken tabulon yana memwar.

Taswira sai da ma'aunin nisa, da kibiyar arewa, da bayanin launuka mai karantuwa. Sa ƙaramar taswirar Nijar a kusurwa da ɗigo a wurin bincikenka, don ba kowa ne ya san inda Galmi ko Keita suke ba, balle baƙon da ya zo daga Dakar. QGIS, manhajar yin taswira, kyauta ne, kuma in ka fitar da hoton da 150 zuwa 200 dpi ya wadatar.

Hoto kuwa, gani ya kori ji. Hoton rudu a buɗe, da albasa mai kyau a gefe ɗaya da ruɓaɓɓiya a ɗayan, ya fi sakin layi uku. Amma hoto ɗaya babba, ba shida ƙanana ba. In za ka ƙara girmansa ja shi daga kusurwa, in ka ja daga gefe mutane da kaya za su miƙe ko su kumbura. Abin da ba a bukata yanke shi da Rogner. Hoton da ya bi ta WhatsApp ya riga ya rasa kaifinsa, don haka ciro shi daga waya da igiya, ko a turo shi a matsayin Document. Hoton madubin ƙara girma sai da sandar ma'auni. Wanda ba kai ka ɗauka ba, rubuta mai shi da shekara a ƙasa.

Ƴan fannin lafiya, wannan naku ne: ba a nuna fuskar mara lafiya ba da izininsa ba, kuma ko da izini a rufe idanu, a goge suna da lambar dosiye daga hoton radiyo da takardun gwaji. Yamai ƙaramin gari ne, a cikin zauren nan ana iya samun ɗan'uwansa.

In hotuna sun sa fayil ya yi nauyi, danna ɗaya, ka shiga Compresser les images, ka zaɓi 150 ppp, ka cire alamar da ta taƙaita shi ga hoto ɗaya.

7. Motsi da bidiyo

Rubutu mai juyi da mai faɗowa daga sama, bar su. Motsi ɗaya ne ke da amfani, Apparaître, don fito da sassan zane ɗaya bayan ɗaya yayin da kake bayani. Bidiyo ya zama MP4, gajere, a shigar da shi cikin fayil ɗin, a kuma ajiye kwafinsa a gefe. Igiyar VGA ba ta ɗaukar sauti, in sautin na da muhimmanci zo da ƙaramar sifika.

8. Gwaji da baki, da agogo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Diyapo ya kammalu aƙalla kwana uku kafin ranar, sauran kwanakin na baki ne. Tashi tsaye, danna F5, ka yi magana da ƙarfi kamar juri na gabanka, agogon waya na tafiya. Karantawa a zuci ba gwaji ba ne, don baki ya fi zuci nawa. In ka wuce lokaci, cire diyapo, kada ka ƙara sauri. Nemi ka gama da saura minti ɗaya.

Gwaji na biyu a gaban abokai biyu ko uku, ɗaya daga cikinsu ba ɗan fanninka ba. In kun gama kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce e. Ce musu su faɗa maka abin da ka gano. In ba su kawo jimlarka ta mataki na 2 ba, da sauran aiki. Ka kuma ja da baya kamar mita biyu daga allon kwamfutar: abin da ba ka iya karantawa daga nan, na baya a zaure ma ba zai iya ba.

Haddace jimlolin farko biyu da na ƙarshe biyu. Tsakiya za ta zo da kanta.

Hattara da Vérification du minutage da ke shafin Diaporama. Yana auna maka lokacin kowane diyapo, abu ne mai kyau, amma in ka gama zai tambaye ka ko a ajiye lokutan. Ce a'a. Na taɓa zama a sutunans ɗin wata ɗaliba da na taimaka wa, mai aiki tsaf, ta ce e ba ta sani ba, ni kuma ban duba ba. Tana tsakiyar bayanin girafik na biyu sai diyapon ya wuce da kansa. Ta mayar, ya sake wucewa. Na ga takardar hannunta ta fara rawa, mahaifiyarta a layin gaba ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Shugaban juri, dattijo, ya ajiye biro ya ce, “Ƴata, tsaya. Sha ruwa. Na tsayar da agogo.” Ta ce, “Na gode, Malam.” Na je na cire alamar minutage a shafin Diaporama, daƙiƙa biyar, ta ci gaba ta gama lafiya. Har yau ina jin nauyin wannan ranar, kuma duk fayil ɗin da aka kawo mini, wannan akwatin nake fara dubawa.

9. Ajiya

Tun ranar farko Ctrl da S su zama al'adar yatsunka, saboda wuta ba ta sallama in za ta tafi. Sunan fayil ya ɗauki sunanka da kwanan wata. Mai “final”, “final2” da “final vrai” a kile ɗaya, wata rana zai buɗe wanda ba shi ba a gaban jama'a.

Idan ka gama, shiga Fichier, Options, Enregistrement, ka sa alama a Incorporer les polices dans le fichier, don salon harafinka ya bi fayil ɗin. Sannan ka fitar da kwafin PDF. PDF ba ya ɗaukar motsi, bidiyo ma kada ka sa rai, amma yana buɗewa a kowace kwamfuta yadda ka bar shi. Buɗe shi ka duba shafi-shafi, musamman inda ka jera abubuwa a kan juna don Apparaître.

Kwafi huɗu: a kwamfutarka, a kile, a imel ɗinka, a wayarka. Sannan a buga diyapon a takarda, shida ko huɗu a shafi, ɗaya naka, ɗaya ga kowane malamin juri.

Hattara da kilen da ya zaga wuraren buga takardu. Akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ke ɓoye fayiloli ta bar raccourci, wato alamar gajeriyar hanya, a madadinsu, ka buɗe ka ga kamar komai ya tafi. Kile ɗaya na bugawa, ɗaya na gabatarwa, kada na biyun ya shiga ko'ina sai kwamfutarka da ta zaure.

10. A zaure

In da hali je ka gwada tun jajibiri, in babu, ka riga kowa da awa ɗaya. A jakarka: caja, ralonj, adafta, kile, takardu, ruwa. Batir a cike. Haɗa igiya, kunna furojekta, in hoto bai fito ba danna maɓallin Windows tare da P. Dupliquer yana nuna abu ɗaya a allo da bango. Étendre shi ke ba ka Mode Présentateur, inda kai kake ganin Notes da agogo da diyapo na gaba, jama'a kuma suna ganin diyapon kaɗai. In bai fito ba har yanzu, duba maɓallin Source a jikin furojektar. Sannan ka taka zuwa kujerar ƙarshe ka duba girafik ɗinka mafi cunkoso da idonka.

Kashe intanet, rufe WhatsApp na kwamfuta, ka hana allo yin barci. Saƙon gida ba shi da wuri a bangon juri.

Tsaya a gefen allo, fuskarka ga mutane. A kowane girafik fara da faɗin abin da ke gefen ƙasa da na tsaye, sannan ka nuna inda za a duba. Diyapon ƙarshe da zai zauna a bango lokacin tambayoyi ya zama na kammalawa, mai sakamako uku a kai. Godiya da baki ake yi.

Takardun nan da ka ajiye gefe a mataki na 2, ga ranarsu: mai da su diyapon ajiya a bayan na ƙarshe, cikakken tabulo, gwajin ƙididdiga, takardar tambayoyi. Rubuta lambobinsu a takardar hannunka. In malami ya ce a nuna masa yadda aka yi lissafin kaza, buga lambar diyapon ka danna Entrée, zai kai ka kai tsaye ba tare da ka bi ta kan sauran ba.

In wuta ta ɗauke kana tsaka da magana, dubi shugaban zaman. In ya ce a jira gurup, wato injin wuta, jira, ka lura da diyapon da ka tsaya, Maj tare da F5 zai tashe ka daga nan. Furojekta takan ɗauki ɗan lokaci kafin fitilarta ta dawo, kada ka yi ta danne-danne. In ya ce a ci gaba, juya allon kwamfutar ya fuskanci juri, ka ce su buɗe shafi kaza na takardun da ka raba musu, ka ɗora daga jimlar da ka tsaya.